Uzurin da Doka ta Sani

Ɗalibai suna kiransa Malam Agogo, don ko gaisuwa sai ya duba tsintsiyar hannunsa yake amsawa. Ba mugu ba ne, kuma abin da ya fi ba Auta tsoro ke nan. Da ta je ofishinsa, ya tura mata kujera, ya saurare ta har ta gama: mahaifiyarta na kwance, babu mai juya ta sai ita, aikin da za a miƙa ranar Alhamis ko rabi bai kai ba, kuma in ta ƙara fashin aji sau ɗaya an hana ta jarrabawar ƙarshe.

"Uzuri biyu doka ta sani," in ji shi. "Ciwon ɗalibi da rasuwar iyaye. Jinya ba ta ciki. In na ɗaga miki ƙafa, me zan ce wa sauran?"

"Malam, jikin ya yi tsanani."

Ya sassauta murya. "Allah ya ba ta lafiya. Amma in ta Allah ta kasance kafin Alhamis, ki aiko. Za a yafe fashin, a ƙara miki lokaci."

Da ta koma gida, a bakin ƙofar ɗaki ta tarar da Goggo, ƙanwar mahaifinta, da ta leƙo dubiya. Baƙin ciki ya cika Auta, ta zayyana mata komai cikin raɗa. Goggo kuwa ba ta iya raɗa ba tun tana yarinya.

"Wato sai an mutu zai ji tausayi?"

Auta ta toshe mata baki, ta leƙa. Inna na fuskantar bango, numfashinta a hankali. Sama da gadon, rigar da ta ɗinka wa Auta don bikin kammala karatu tana rataye cikin leda, hannu ɗaya ba a haɗa ba.

Da Goggo ta tafi, Auta ta ɓare ƙwayoyin magani, ta zuba ruwa a kofi, ta tallafo kan mahaifiyarta.

"Auta, yau wace rana ce?"

"Talata, Inna."

Inna ta daɗe tana kallon rigar. Sannan ta ɗaga hannunta da ya rame, ta ture kofin a hankali, yadda take ture yadi in ta gama awo.

"Ajiye, ba na jin sha yau. Je ki ɗauko littattafanki."