Haƙoran Bodaya

Ranar da rediyo ya tone kabarin Bodaya, Aydahis sukari kawai ya zo saye a kantin Loita. Ya tarar da rumfar cike da maza, domin Lahadi ce, kuma 'Yan Siminti sun je gidan 'Yan Jirgin Ƙasa buga ƙwallo. Mu 'yan ƙabilar Afar na wannan yanki ba mu da filin wasa, ba kuma wanda ya taɓa ganin 'yan wasan nan da idonsa, amma Loita mai kanti da Baba Dato, dattijon ƙauyen, sun sha ƙaurace wa juna a kansu.

Aydahis ya jingine sandarsa ya zauna, don ba a wuce mutane a tsaye. Dole a yi dagu, a ba juna labarin hanya. Da dagu muke sanin rijiyar da ta ƙafe da hanyar da ta lalace, shi ya sa wanda aka kama da ƙarya a cikinsa, ko ruwa ya ce ya gani ba mai kora raƙumi ya bi shi.

"Me idonka ya gani, me kunnenka ya ji?" in ji Baba Dato.

"An yi yayyafi a gindin dutse. Rijiyar gabas ta fara gishiri. Ban ga baƙo ba."

"Masu share ƙasa fa? Sun dawo maka da ɗan'uwanka?"

"Sun ce kafin damina."

Shekara goma sha ɗaya ke nan da Bodaya, yayan Aydahis, ya kora raƙuma zuwa hanyar gishiri a shekarar babbar yunwa, bai dawo ba. Bayan shekara biyu Aydahis ya ga muƙamuƙi da ɓarin ƙoƙon kai sun leƙo daga gaɓar Kwarin Gurrale, inda aka yi wa Bodaya ganin ƙarshe. Ƙashin baƙi ne, ga nauyi kamar dutse, amma ya ce aikin rana ne da gishiri. Ya naɗe shi a mayafinsa, ya binne, ya tara duwatsu a kai, sannan ya ba da dagu cewa idonsa ya ga ƙashin Bodaya. Matar mamacin, Hasna, ta yi takaba, daga nan ƙanin miji ya aure ta kamar yadda aka saba. Yanzu 'ya'yansu uku.

Bara ne ambaliya ta rushe kabarin, masu neman tsofaffin ƙasusuwa daga Addis Ababa suka tsinci abin da ke ciki. Aydahis ya same su da wuƙa a ƙugu, suna share yayansa da buroshin goge baki. Sai da dattawa suka shiga tsakani: za su tafi da shi su duba, su maido.

Loita ya murɗa rediyon. "Ku yi shiru. Daga labarai sai ƙwallo. Baba, ka tanadi hawayenka."

"Siminti ai sai an jiƙa shi yake aiki. Yau za a jiƙa ku."

Mai karanta labarai ya fara da harshenmu. Ya ce masana sun sanar da babban abin da aka gano a bana, wanda duniya duka ke magana a kansa. Muƙamuƙi ne da ƙoƙon kai na wata halitta mai tafiya da ƙafa biyu, daga cikin magabatan ɗan Adam, an same su a ƙasar Afar, a wani wuri da ake kira Kwarin Gurrale. Ya ce an auna tokar dutsen da ta manne a jikin ƙashin, shekarunsa sun haura miliyan uku.

Wani da ya kai kofin shayi bakinsa ya tsaya da shi a nan.

"Miliyan nawa ya ce?" in ji Baba Dato a hankali. "Ai ni na girmi Bodaya."

Ba wanda ya yi dariya. Tsoro ya kama Aydahis, irin wanda bai ji ba ko ranar da kura ta shigo masa garke.

Mai labarai kuwa bai san ya yi ɓarna ba. Da muryar da ya faɗi miliyan uku, da ita ya ce sai labarin wasanni: 'Yan Siminti biyu, 'Yan Jirgin Ƙasa ɗaya. Hannun Loita ya tashi sama da kansa, ya tuna, ya sauke shi ya shiga goge teburin da ba datti.

"Aydahis," in ji Baba Dato, "dagunka ne. Kai ka ce idonka ya gani."

"Rediyo ma yana ƙarya, Baba."

"Ya ce an ci mu biyu da ɗaya. Zuciyata ba ta so, amma ka ji na musa? Ba a karɓar rabin dagu, ɗana."

"To ina Bodaya ke nan?" wani ya tambaya daga baya.

"Ku bar Bodaya tukuna," in ji Loita, idonsa a kan tebur. "Hasna matar wa ce?"

Aydahis ya miƙe ya fita, ya bar sukarin. An ce ƙarya fure take, ba ta 'ya'ya. Tasa ta yi uku, babbar har ta fara kiwon awaki.

So yake ya riga labarin isa gida, amma a mararraba ya haɗu da wani falke da raƙumansa. Ba yadda zai yi, ya zauna. Da bakinsa ya gaya wa baƙon cewa an yi yayyafi, Siminti sun ci, kuma ƙashin da wani mutum ya binne da sunan yayansa ba na yayansa ba ne. Falken ya tambayi sunan mutumin. Ya faɗa masa.

Ya tarar da Hasna a inuwar bukka tana saƙar tabarma. Ya durƙusa nesa da ita, nesa fiye da yadda miji ke zama, ya zayyana mata komai ba tare da ya dube ta ba. Ya jira kuka ko salati. Kabar da ke hannunta ba ta daina tafiya ba.

"Ba ki ji ni ba ne, Hasna? Ba Bodaya ba ne."

"Na ji. Ranar da ka kawo shi a mayafi, ka buɗe mini, ko ka manta?"

"Ban manta ba."

"Haƙoran gaban Bodaya a fiƙe suke, kamar na kowane saurayi a zamaninku. Na mutumin nan faɗi gare su, ƙarfe bai taɓa hawa kansu ba."

Wannan ta fi ta rediyo.

"Tun ranar kin sani? Kika yi shiru?"

"Kai fa? Wa ya riƙe masa kai ranar da aka fiƙe su? Da bakinka ka ba ni labari, har ya cije ka."

Ya dubi ɗan tabon da ke gindin babban yatsansa. Shekara tara bai yarda ya dube shi sosai ba.

"Shekara biyu ina zaune," in ji ta, "ni ba matar aure ba, ni ba bazawara ba, yunwa na cin jaririna. Duk dangin nan ba wanda ya iya sallamata sai tsohon nan da ya fito daga ƙasa. Ka so ya zama Bodaya, ni ma na bar shi ya zama."

"Gobe liman zai kira mu."

"Bari ya kira." Ta ja wata kabar ta soka. "In sun dawo da shi, ka mayar da shi kabarinsa. Shekara tara ina masa addu'a. Wanda ya yi miliyan uku ba mai yi masa, ba yanzu za a yanke masa ba."

Ta miƙo masa ƙwaryar nonon raƙumi. Ya karɓa, bai sha ba. Can nesa, a kan hanyar gishiri, wani mutum na tahowa shi kaɗai da sanda a kafaɗa. Mutane na bin hanyar nan kullum. Aydahis ya ajiye ƙwaryar, ya kare rana da tafin hannu, ya shiga duban irin tafiyarsa.