Sojan da Ke Kwance a Ƙarƙashin Gada

…kuma littafin dokokin wasan ya ce a auna tazara kafin a ɗaga soja, ba bayan an ɗaga shi ba. To. Wannan na fahimta. Doka ce, ni kuwa da doka aka san ni. Tef ɗin awonka ne a hannuna, Auta, lambobin farko duk sun goge. Na auna. Na matsar da jajayen sojoji gindin tudu — tudun soso ne da ka shafa wa koren fenti, na latsa na ji — yanzu sai in zagaya teburin in zama shuɗaye. Haka mai wasa shi kaɗai yake yi, in ji littafin: ya zagaya, ya manta abin da ya ƙulla a can. Mantuwa da gangan. Darasin da ban taɓa koyar da kowa ba ke nan.

Likita ce ta ja mini. Yarinya, sa'ar ɗaliban da na yaye. "Mama, ku riƙa yi masa magana, wataƙila yana ji. Ku yi masa zancen abin da yake so." Na ja kujera kusa da gadonka. Na'ura tana numfashi a madadinka, a kan ƙa'ida, ba ta makara. Na buɗe baki… me ya fito? "Farcenka ya yi tsawo." Shi ke nan. Matarka ta sunkuyar da kai ta fita. Ni da na shugabanci makaranta har ɗalibi kan haɗiye tarinsa in ya ji takalmina, ga ɗana a kwance tun ranar da motar ta kife, ba ni da jimla ɗaya a baki wadda ba gyara ba ce.

Gobe zan koma. Dole in je da magana.

Shuɗaye. Ina na tsaya? Masu doki suna tafiya ninkin masu tafiya da ƙafa, sai dai in sun shiga kurmi. Kurmin waya ne da auduga. Ƙwayar ludo ce take yanke ko harbi ya samu. Na jefa. Bai samu ba. Ban ji komai ba. Ya kamata in ji wani abu?

"Gemu har ƙirji kana wasa da 'yan tsana?" na taɓa ce maka.
"Umma, zauna in ba ki runduna. Ke ai ba sai an yi harbi ba, kallo ɗaya za ki yi musu su watse."
Na ce ina da gugar kaya.

Da na shigo ɗakin nan na tarar da sojojin a warwatse, wasu a tsaye, wasu a kife, kamar aji ba malami. Hannuna bai yi shawara da ni ba. Na jera su, jajaye sahu, shuɗaye sahu, gajeru a gaba. Sai salatin matarka daga bakin ƙofa: "Wayyo Umma, ai bai gama ba! Tsakiyar yaƙin ke nan. Ni ko shara ba na yi a nan." Ta rufe baki da hannu, kamar ita ce ta yi ɓarnar.

Kowane soja ya bar zagayen gindinsa a jikin koren ƙyallen da ke shimfiɗe kan teburin. Da su na mayar da abin da zan iya. Amma wa ya tsaya a ina? Zagaye dai zagaye ne. Ƙyallen kuma yana tasowa a hankali, alamun suna shafewa ina kallo… Gemu ba ya hana ilimi, aka ce. Ni ko gemun ba ni da shi.

Ka yi musu idanu. Sai da na sa tabarau biyu na gani. Maɓallan riga, igiyar takalmi, wani har da tabo a kunci. Hannun da na yi ta cewa rubutunsa kamar kaza ta yi tono — shi ya yi wannan? Yaushe? Ina ina?

Jajaye sun motsa. Shuɗaye sun motsa. Na ɗaga gadar kwali don in daidaita ta, sai ga ɗaya a ƙarƙashi, kwance a kan haƙarƙarinsa. Wannan ban taɓa shi ba. Kai ka kwantar da shi, da yatsunka. Ko ja ne ko shuɗi, inuwa ta hana ni gani, ban kuma sunkuya ba.

Littafin ya ce wanda ya faɗi ba a ɗauke shi nan take. Yana nan kwance har ƙarshen zagaye, sannan a jefa ƙwaya: in babbar lamba ta fito ya tashi, in ƙarama ce a cire shi daga teburin. Ba roƙo, ba duba halinsa na baya. Na karanta sau biyu ko akwai togiya. Babu. An rubuta dokar da kyau, ba inda zan sa jan biro.

Kowa ya motsa. Zagayen ya ƙare, saura jifa.

Bari in sake auna masu dokin nan, wataƙila na yi kuskure… Ban yi ba. Ba na yi.

Ƙwayar ta ɗumama a tafin hannuna. Kujera tana can ɗaya gefen. Muddin ban buɗe hannun nan ba, Auta, ai ba wanda zai ce… muddin ban buɗe ba —