Shekarar da Aka Tono Kan Yumɓu

Tun daga takalminta na gane ba ɗinki ta kawo ba. Duk matar da ta shigo layinmu na Romi a tsakiyar damina da takalmi fes, to mota ce ta sauke ta a bakin ƙofa, kuma masu irin wannan mota ba sa kawo mini atamfa. Na ɗage ƙafa daga keken ɗinki, na amsa gaisuwarta a taƙaice.

"Nan ne gidan Baba Jethro?"

"Wa ke nemansa?"

Ta ce sunanta Barista Halima, lauya ce daga Abuja. Mahaifina tsohon ma'aikacin masaƙa ne a Kakuri, dattijo a cocinmu, mutumin da ko kazar maƙwabta ta yi ƙwai a gidanmu sai ya mayar da ƙwan. Me lauya za ta nema a wurinsa? Ina shirin ce mata ya yi tafiya sai ga shi ya fito da rediyonsa a hannu, ya ƙaryata ni tun ban yi ƙaryar ba.

Suka zauna a baranda. Ba wanda ya gayyace ni, amma na jawo kujera. Ta fito da hoto ta ajiye a kan benci: kan mutum ne na yumɓu, idanunsa manya da huda a tsakiya, irin waɗanda ake tonowa a ƙasarmu wajen Nok. Ta ce yanzu yana cikin gilashi a wani gidan tarihi a Turai, kuma tana cikin lauyoyin da ke neman a dawo da shi.

"Baba, takardunsu sun ce wani Bature mai haƙar kuza ya fita da shi a 1958. In haka ne, aikin zai yi wuya. Akwai yarjejeniyar da ƙasashe suka yi a 1970 kan satar kayan tarihi, amma ba ta waiwayar abin da ya faru kafin ta. Wasu na cewa har na zamanin Turawa a dawo da su, wasu sun ce ba haka doka ta ce ba, har yau ana ta ja. Amma in bayan 1970 ya fita, to hujjarsu ta yi rauni ƙwarai."

"To mene ne ruwan babana?" in ji ni.

"Wani tsohon dillali a Makera, kafin ya rasu, ya ce a hannun wani Jethro ya saye shi."

"Jethro nawa ne a Kaduna? In ya ce shi ne, ba kama shi za a yi ba?"

Ta dube ni ba ta ƙifta ba. "Tono shi da sayar da shi laifi ne a dokarmu. Ban taɓa ganin an tsare mai ba da irin wannan shaida ba, amma ba zan yi miki alkawarin abin da ba a hannuna yake ba."

Wannan gaskiyar tata ma ban yarda da ita ba. Na ce a raina haka ƙwararru ke yi, su ba ka gaskiya ƙarama don ka saki jiki. Kuma na lura akwai hoto na biyu a jakarta da ta ƙi fitarwa.

Baba ya daɗe yana kallon hoton, sannan ya ce, "'Yata, ban san shi ba." Ta yi godiya, ta bar kati ta tafi. Na jefa katin cikin gwangwanin maɓallai.

Kwana huɗu na yi ina bincike a kanta. Na tambayi wata kwastomata mai miji ɗan sanda, na sa an duba mini sunanta a waya, har mai shagon bakin titi na tambaya ko ya riƙe lambar motar. Ban samu komai ba, kuma rashin samun ya ƙara mini zargi. Duk mashin ɗin da ya tsaya a layinmu sai na leƙa.

Ina can ina gadin ƙofa, ban kula da abin da ke faruwa a cikin gida ba. Baba ya daina cin tuwo. Ya kuma daina zuwa gaida Mama Rebecca, matar ƙanensa Derrick, wadda ke zaune a ɗakin baya tun ina jaririya. Abin da muka sani shi ne rijiya ce ta rufta wa Baba Derrick a ƙauye, wajen aikin kwangila. Tun daga lokacin babana ya ɗauko ta da 'ya'yanta biyu, ya yi musu makaranta, kuma kowace safiya sai ya tsaya a ƙofarta ya tambayi kwananta. Ita ce ma ta tare ni a bakin famfo ta ce, "Phoebe, na yi wa babanki wani laifi ne?"

Ranar Alhamis da hantsi motar ta dawo. Na duba gwangwanin maɓallai, babu kati. Raina ya ɓaci sosai, na tare Baba a tsakar gida.

"Baba, kai ka kira ta? So kake a ɗaure ka da furfurarka? A karanta sunanka a coci?"

"Kawo mata ruwa," kawai ya ce.

Barista ta ɗora ƙaramar rikoda a benci, ta kife hoto na biyu kusa da ita. Ta ce hoton bayan kan yumɓun ne, ba a taɓa buga shi a ko'ina ba, kuma shaidarsa ba za ta yi nauyi ba sai ya faɗi abin da ke jiki ba tare da ya gani ba. Ashe dalilin ɓoyewar ke nan. Na ji kunya kaɗan, amma ban nuna ba.

Baba ya rufe ido. "Akwai tabon diga a bayan kunnen hagu, tsawon ɗan yatsa. Ni na yi shi. A ƙasan wuya kuma ya ɓalle kamar haƙorin zarto."

Ta buɗe hoton. Haka yake, ko kuskure babu.

"Wace shekara, Baba?"

"1995. Watan Yuni, ranar sha bakwai."

"Za su ce tsoho ne, ya manta. Akwai abin da zai tabbatar da ranar?"

"Akwai. An rubuta a littafin coci a ƙauye, an kuma rubuta a kan siminti." Ya ɗora hannu a kan rikodar. "Kashe wannan tukuna. Phoebe, kira mini Rebecca. Bai kamata Turawa su riga ta ji ba."

Na san abin da ke rubuce a kan simintin nan, don na kabarin Baba Derrick ne. Duk Kirsimeti muna share shi.

Mama Rebecca ta zo tana goge hannu da zane, ta zauna a bakin benci. Baba bai iya kallonta ba.

"Ba rijiya ba ce," in ji shi. "Ramin wannan abin ne. Derrick ya ce mu bari, na kakanni ne, kuma ƙasa ta sha ruwa. Ni na matsa masa, ni ne babba, ya shiga. Ya miƙo mini kan, sai gefen ramin ya zubo masa."

Na ɗauka ya gama, har na fara neman abin da zan ce in wanke shi, don hatsari hatsari ne.

"Ban fara tono nan take ba. Na san in na yi ihu mutane za su zo su ga abin da ke hannuna. Sai na ruga na ɓoye shi a cikin dawa, na dawo, sannan na yi ihu."

Barista ta sunkuyar da kai. Ni da na kwana huɗu ina zargin baƙuwa, na rasa inda zan sa idona.

Mama Rebecca ta ɗauki hoton, ta kawo shi kusa da fuskarta, ta daɗe tana dubawa.

"Baban Phoebe, lokacin da ka tafi cikin dawar, yana magana?"

"Yana kiran sunana."

Ta ajiye hoton a hankali, ta tura rikodar gabansa da yatsa ɗaya.

"Kunna, Barista. Ya maimaita daga farko, kuma a rubuta sunan mijina daidai."