Bindigar da Baba ba ya iya ɗanawa

Mutanena, ina gaisuwa. Na ga masu tambaya ko Selvin ya mutu ne, kwana huɗu shiru. Ina nan da raina, bakin ma yana nan. Labari na kawo muku, amma yau ban yi alkawarin dariya da yawa ba.

Babana, Don Otoniel, shekara talatin yana jigilar abarba daga nan garinmu Escuintla zuwa babbar kasuwa a tsohuwar a-kori-kurarsa. Wata uku da suka wuce, da rana tsaka, wasu samari biyu a babur suka tare shi, suka kwantar da shi a kwalta, ɗaya ya taka masa wuya da takalmi. Waya da agogo kawai suka ɗauka. Tun ranar ba shi da magana sai ta bindiga. Ya bi layi, ya cike takardu, lasisi ya fito. Saura zaɓe.

Ran Lahadi muna cin wake da tortiya, wainar masarar nan tamu, a tsakar gida, masana suka hallara. Kawu Maynor, ƙanin Mama, mai gadin wani kantin magani, ya ce, "Suruki, ka sayi mai juyawar nan mai cin harsashi biyar. Ba ta gardama, ba ta cijewa."

Canche, makanikenmu, ya ce, "Da zafin garin nan? A ƙarƙashin 'yar rigar nan tasa za ta turo kamar ya haɗiye mangwaro. In yaran nan suka ga tudu a ƙugunsa, don ita ma kashe shi za su yi. Siririya zai saya, wadda ko matarsa ba za ta gane ba."

Mama ta ce, "Matarsa tana gane komai. Kuma ku ji, bindiga a ɗane ba ta kwana a gidana, jikoki na yawo."

Na ce, "Ni dai a saya masa ta ruwa, ya riƙa wanke abarba." Baba ne kaɗai bai yi dariya ba.

Ran Talata na raka shi shagon Seño Irma, mai sayar da bindigogi, tana da wurin gwaji a baya. Ta jera guda uku a kan tebur. Ta ce, "Don Otoniel, siririyar nan ƙarama daɗin ɗauka gare ta, amma ba ta da daɗin harbi. Tana dukan hannu, kuma ja mata kai baya ta ɗauki harsashi sai da ƙarfi."

Ya fara da irin wadda Kawu ya faɗa. Ya matsa kunama, bakin bindigar ya riƙa yawo kamar yana neman ƙuda, harsashin ko takardar da ake aunawa bai taɓa ba. Na buɗe baki zan tsokane shi, sai idona ya sauka a hannunsa na dama. Rawa yake yi. Ba rawar tsoro ba, na san ta tsoro.

Ya ɗauki siririyar. Ya ja kanta, ta ƙi. Ya sake ja, yatsunsa suka zame. Daidai nan wayar Seño Irma ta yi ƙara, ta juya baya. Baba ya tura mini bindigar da gwiwar hannu bai ko kalle ni ba. Na ja, ta ɗauka, na ajiye masa. Ya harba uku, biyu suka shiga gefen takardar.

Ya ce, "Wannan nake so."

A mota na ce, "Tsoho, tun yaushe?"

"Tun yaushe me?"

"Hannun. Na lura kofi ma da hagu kake sha yanzu."

Ya ce, "Tun bara. In uwarka ta sani, makullin motar nan za ta ɓoye, in zauna ina gadin kaji. Selvin, ba zan sake kwanciya a kwalta yaro yana taka ni ba. Da safe ka ɗana mini a bayan mota, da yamma ka cire. Iyakar abin da na roƙe ka ke nan."

Mutumin da bai taɓa roƙona ko gishiri ba.

Kwana uku na yi masa. Yana fita sai in kasa gyaran waya ɗaya a rumfata, ina ta hango hannun nan a kan kunama, a cikin kasuwa, mata da yara ko'ina. Jiya wani mai turin baro ya karce masa mota, ya dawo yana ba ni labari yana huci, hannun a ƙugu.

Yau da safe ya miƙo mini ita a bayan mota. Na juya masa baya, na ja kanta kafin in tura gidan harsashin. Ƙarar iri ɗaya ce, amma ba harsashin da ta ɗauka. Ya karɓa, ya soke a ƙugu, ya dafa kafaɗata ya ce, "Ɗan albarka."

Yanzu haka yana hanya da bindigar da ba za ta tashi ba, shi kuma ya yarda za ta tashi. In ya fusata a kasuwa, na ceci wani. In samarin nan suka sake tare shi ya zaro ta, ni na kashe shi. Na kira shi sau biyu, bai ɗauka ba, ko da yake dama ba ya ɗaukar waya in yana tuƙi. Mama na nan tana shanya, tana tambayata me ya sa ban taɓa karin kumallo ba.

Kada wanda ya kai mata gulma, na san ku. Amma ku faɗa mini tsakani da Allah, da ku ne a bayan motar nan yau da safe, me za ku yi? Kuma in ya dawo da yamma lafiya, in gaya masa, ko in gaya mata?