Sandar Zumreta a Bayan Ƙofa

Zumreta tana da ɗabi'ar mutanen ƙauyenmu, wadda ta kusa raba ta da lambun tuffarta. Duk ranar ganin likita a birnin Tuzla sai ta ci ado kamar mai zuwa biki, ta ɓoye sandarta a bayan ƙofar asibiti, ta cije leɓe ta shiga a miƙe. A wajenmu abin kunya ne a je gaban babban mutum ana ɗingishi.

"Ya ƙugun, Inna?" likita zai tambaya.

"Alhamdulillahi, da sauƙi."

Shi ke nan, sai ya ce a ƙara jira. Matan birni da suka iya bayanin ciwo dalla-dalla su ake sa wa ƙugun ƙarfe, ita kuwa ta koma gida tana nishi. Lambun yana bisa tudu, ta daɗe rabonta da hawa, ɗanta da ke aiki a Jamus kuma ya ce in kaka ta zo ba ta warke ba, sayar da shi zai yi. Abin yana cin ranta, don da hannunta ta dasa bishiyoyin.

Ranar nan maƙwabciyarta Ramiza, mai bakin tsiya, ta nace sai ta raka ta. Zumreta na cewa "da sauƙi", Ramiza ta fita, ta dawo da sandar, ta dangwarar a kan teburin likita.

"Sauƙin me? Likita, matar nan a kujera take sallah. Safa ma ni nake sa mata. Ke kuma wa kike yi wa yanga, miji kika zo nema?"

"Ramiza, kin kashe ni da kunya!"

Likita bai yi dariya ba. "Inna, ɗaura igiyar takalminki in gani."

Ta sunkuya, hannunta bai wuce gwiwa ba, sai hawaye. Ya ba ta haƙuri, ya ce da tuntuni ya kamata ya sa ta yin haka. A ranar aka sa mata lokacin aikin tiyata.

Da kaka ta yi, Zumreta ta hau tudun a hankali, Ramiza na biye tana haki.

"Jira ni mana, mai ƙugun ƙarfe!"

Zumreta ta tsinko tuffa ja, daɗi ya cika ta. Ta kira ɗanta, ta gartsa wa tuffar cizo a kusa da wayar.

"Ka ji wannan? Daga bishiya na tsinko, da kaina. Gaya wa mai sayen ya nemi wani lambun."