Abin da Likita Ya Faɗa a Kan Ƙafar Aldo

Haladu bai taɓa zaman aji don koyon Sifaniyanci ba. A bayan sitiyari ya koye shi, cikin shekara tara da ya yi yana tuƙa wani koci ɗan Uruguwai a Jidda. Kocin akwai surutu, ga shi ba ya jin Larabci ban da "yalla" da "halas", wato "mu je" da "shi ke nan", saboda haka tun daga unguwar Ruwais har filin atisaye sai ya yi ta zuba, Haladu yana tsintar kalmomin ɗaya bayan ɗaya. Da kocin ya tattara ya koma ƙasarsu, sai ya bar Haladu da harshen da bai san abin da zai yi da shi ba.

Raed ne ya san amfaninsa. Dillalin 'yan ƙwallo ne, mai fara'a da saurin magana, kuma shi ya mayar da iƙamar Haladu, wato takardar izinin zamansa a ƙasar, ƙarƙashin kamfaninsa, ya zama kafilinsa mai tsaya masa a wurin hukuma. Duk shekara, idan sanyi ya hana Turawa sakat, Raed da abokan hulɗarsa sukan kwaso samari daga Kudancin Amurka su buga wata 'yar gasa ta kwana goma a Jidda. Kulob-kulob na Turai sukan turo mutanensu su zauna a inuwa suna rubuce-rubuce. Wanda ya burge su, a yi cinikinsa. Haladu shi ne direba, shi ne kuma tafinta.

A shekarar da abin ya faru, cikin samari goma sha takwas da aka kawo, idon kowa a kan Aldo yake. Ɗan Faraguwai ne, bai fi wata biyu da cika shekara goma sha takwas ba, siriri, bahagon ƙafa, ba ya son magana. Shi kaɗai ne ya zo da mahaifinsa, wani gajeren mutum mai kaushin hannu da ake kira Eulalio, wanda sana'arsa gasa tubalin jan ƙasa. Uban ya ƙi sa hannu a takardar tafiya sai an haɗa da shi.

Tun a filin jirgi jinin Eulalio ya haɗu da na Haladu. Eulalio ya zauna a kujerar gaba, rungume da wata gorar ruwan sanyi da kofin ganyen shayinsu, yana kurɓa yana miƙa wa Haladu. Idan uba da ɗa za su yi maganar da ta shafe su, sai su bar Sifaniyanci su koma wani harshe na gida. Haladu ya yi dariya, ya ce shi ma haka yake, Larabci a titi, Hausa a ɗaki, tun suna yara a Sudan.

A ranar hutu ya kai su Balad, tsohon garin Jidda, suka zaga tsofaffin gidaje, daga nan ya wuce da su unguwar Waziriyya wurin wani ɗan garinsu mai agashe, gasasshen naman Sudan mai yaji. Yaji ya sa Eulalio hawaye, amma bai bar cin ba. A nan ne ya dafa gwiwar Haladu, ya kira shi da "Don", laƙabin girmamawa na ƙasarsu, ya ce, "Don Haladu, ni a ƙasar nan kurma ne. Kai ne kunnena. Duk abin da aka faɗa a kan yaron nan, ka gaya mini yadda yake."

Haladu ya ce in Allah ya yarda.

Bayan wasa na uku Aldo ya fara ɗingishi. Ya ce gefen ƙafarsa ta hagu ke masa zafi idan ya taka. Ranar Talata da hantsi Haladu ya kai su wani asibiti mai zaman kansa, Raed ya biyo su a motarsa. Aka ɗauki hoton ƙashi. Likitan, wani dattijo ɗan Siriya, ya kafa hoton a jikin fitila, ya nuna wani siririn layi da bakin alƙalami, ya yi bayani da Larabci a tsanake. Ƙashin ya fara tsagewa saboda yawan aiki. Ba wani abin tsoro ba ne idan aka huta. Mako takwas babu gudu, babu ƙwallo, zai haɗe da kansa. Amma idan aka matsa masa, tsagar za ta ƙaru, wata rana ya karye gaba ɗaya, kuma wannan ƙashin ba ya saurin ɗoruwa.

Ya dubi Haladu ya ce, "Ka fahimtar da uban sosai." Sai aka leƙo aka kira shi, ya fita.

Raed bai ɗaga murya ba. Yana duba wayarsa ya ce da Larabci, "Ya Abu Hafsa, ka ce musu gajiya ce. Jibi Alhamis mutanen Beljiyam za su zauna dominsa. Minti sittin kawai zai buga. Idan suka ɗauke shi, can suna da likitocin da suka fi wannan, su za su kula da shi. Idan bai buga ba, halas, ya koma gasa tubali. Kana so ka zama sanadi?"

Eulalio yana kallon bakin Haladu, hularsa a hannu.

Haladu ya tuna iƙamarsa saura wata uku a sabunta, ya tuna ta matarsa da ta 'yarsa Hafsa duk a jikin tasa suke. Ya kuma gaya wa kansa cewa wataƙila gaskiyar Raed ce, minti sittin ba wani abu ba ne. Sai ya ce da Sifaniyanci, "Likita ya ce gajiya ce. A sa ƙanƙara, ya huta gobe."

Eulalio ya ɗan karkata kai. "Iyakar abin da ya ce ke nan? Na ga ya daɗe yana magana, yana nuna hoton."

"Bayanin yadda ƙashin ƙafa yake ne kawai. Ka san likitoci."

Eulalio ya saki ajiyar zuciya, ya shafa ƙeyar ɗansa.

Ranar Alhamis da la'asar mai kula da lafiyar 'yan wasan ya yi wa Aldo allurar kashe zafi. Yaron ya shiga fili kamar ba shi ne mai ɗingishi ba. Ya ba da ƙwallo aka ci, ya ci ɗaya da kansa da wannan ƙafar ta hagu. Haladu yana tsaye bakin waya, bai ga wasan ba, ƙafar kawai yake bi da ido, yana jiran ta lanƙwashe. Ba ta lanƙwashe ba. Da aka fitar da Aldo a minti na sittin da biyar, Haladu ya ji wani sanyi a ransa, ya ce to ga shi, ba abin da ya faru.

Washegari aka zauna da Turawa biyu a wani otal na bakin teku. Haladu ya fassara kowace kalma daidai, har da waɗanda ba a tambaye shi ba, kamar hakan zai cike gurbin wadda ya ɓoye. Za a tafi da Aldo gwaji na mako shida, idan ya yi kyau a ba shi kwantiragin shekara huɗu. Ba wanda ya ambaci hoton ƙashi. A filin jirgi Eulalio ya rungume Haladu har hularsa ta faɗi.

Mako huɗu bayan haka, Haladu yana wanke mota a ƙofar ofis, saƙon murya ya shigo daga Eulalio. Ƙashin ya karye a wurin atisaye, ba tare da kowa ya taɓa yaron ba. An yi masa aiki an sa ƙarfe. Kulob ɗin ya ce ba zai ci gaba da maganar ba, za a mayar da shi gida. A ƙarshen saƙon ya ce, "Na ce in gaya maka ne saboda kai ka kula da mu kamar 'yan'uwanka. Ka yi masa addu'a irin taku."

Haladu ya shiga wurin Raed da wayar a hannu. Raed ya riga ya ji. Ya ce abin bai yi daɗi ba wallahi, amma haka ƙwallo take, kuma laifin likitocin Beljiyam ne da ba su duba da kyau ba. Sannan ya tuna masa da baƙin da zai ɗauko da azahar.

Watanni suka wuce. Aka sabunta iƙama. Eulalio yakan turo saƙo jefi-jefi: ƙashin ya ƙi haɗewa, an sake yin aiki, Aldo ba ya fita, ba ya cin abinci sosai. Haladu yakan saurara a mota, ya amsa da gajeren saƙo. Daga baya ya daina buɗewa sai bayan kwana biyu ko uku. A masallaci idan liman ya yi sallama, sai ya tarar bai san surar da aka karanta ba.

Matarsa Zakiya ta lura. Wata Juma'a bayan sun ci abincin rana, 'yarsu Hafsa ta fita wurin maƙwabta, ta ce, "Baban Hafsa, wata nawa ke nan kana tauna abinci kamar magani. Me ya faru?"

Ya gaya mata duka. Ya ƙara da cewa Raed ne ya sa shi, kuma ta san halin da suke ciki da takardu.

Zakiya ta ci gaba da tattara kwanuka. Sai da ta kai bakin ƙofar kicin ta ce, "Raed ba ya jin yarensu. Da bakin wa mutumin ya ji?"

Ta juyo ta dube shi.

"Idan don ni da Hafsa ka yi, to ni ban roƙe ka ba. Ka kira shi."

Bai kira ba sai da wani saƙon ya zo. A cikinsa Eulalio ya ce abin da ya fi damunsa shi ne Aldo ya ɗora wa kansa laifi. Yana cewa shi ya jawo, don ya riƙa ƙara gudu shi kaɗai bayan atisaye a Beljiyam, yana son ya burge koci. Ya ce ya zubar da wahalar da gidansu suka sha a kansa.

Washegari Haladu ya koma asibitin. Likitan ya tuna da yaron. Da ya ji abin da ya faru, ya cire tabarau ya daɗe yana kallon Haladu, sannan ya sa aka buga masa rahoton ranar. Haladu ya ajiye mota a wata inuwa kusa da teku bayan la'asar, lokacin da hantsi ya yi a Faraguwai, ya kira.

Eulalio ya ɗauka da murna, ana jin ƙarar itace a wuta a bayansa. Haladu bai bari gaisuwa ta yi tsawo ba, don ya san idan ta yi tsawo zai fasa. Ya faɗi abin da likita ya ce, kalma bayan kalma: tsaga, mako takwas, babu gudu. Ya faɗi abin da shi ya ce a madadin haka.

Haladu ya duba wayar ko layin ya yanke.

"Na tambaye ka," in ji Eulalio. Muryarsa ba ta tashi ba. "Na ce maka na ga ya daɗe yana magana."

"Ka tambaye ni, Don Eulalio."

"Mako takwas."

"E."

Sannan Eulalio ya ce, "Ba ni za ka gaya wa ba. Tsaya."

Haladu ya ji takun tafiya, da kukan kaji, da buɗe ƙofa, da 'yar magana cikin harshensu na gida. Sai muryar Aldo, ta yi kauri fiye da yadda ya san ta. Haladu ya sake maimaita komai daga farko. Karo na biyun ya fi na farko wuya. Ya ce masa ƙafar ta riga ta tsage tun a Jidda, ba gudun da ya ƙara ba ne, kuma akwai takardar likita, zai turo.

Aldo ya ce, "Ko ka gaya mini, da na buga. Mutanen sun zo domina."

Haladu ya ji zuciyarsa ta yi tsalle ta kama wannan maganar. Amma kafin ya ce wani abu, ya jiyo Eulalio daga gefe, da Sifaniyanci, yadda zai ji: "Da ba ka buga ba. Ai ina wurin."

Layin ya yanke.

Ya tura takardar a ranar. Ya kuma gaya wa Raed ya tura. Raed bai yi faɗa ba, ya dai karɓi makullin mota, ya ce ya nemi wani kafilin kafin ƙarshen wata. Sai da suka yi wata biyu cikin zullumi shi da Zakiya kafin wani kamfanin rarraba ruwan sha ya karɓe shi. Yanzu babbar mota yake ja tsakanin Waziriyya da unguwannin kudu, kuma ba mai yi masa Sifaniyanci. Takardar ba ta canza komai a Beljiyam ba. Wani lauya a can Faraguwai ya duba ta, ya ce shari'ar za ta fi ƙarfinsu.

Eulalio bai ƙara turo saƙo ba. Aldo ne, bayan kusan shekara guda, ya turo wani gajeren bidiyo ba tare da rubutu ba. Filin jar ƙasa ne, 'yan kallo ba su fi hamsin ba, yana sanye da rigar wata ƙaramar ƙungiya ta garinsu. Cikin mako yana taya ubansa aikin tubali, ranar Lahadi ya buga. Tun daga nan yakan turo irinsa duk bayan wata biyu ko uku, Haladu bai san dalili ba, bai kuma tambaya ba. Yakan ajiye mota a gefen titi ya kalla har ƙarshe. Yaron yana da saura, har yanzu yana iya yanke mutum biyu. Amma idan zai juya hagu sai ya ɗan ɗaga ƙafar, ya sauke ta a hankali.