Tafiyar da Zuweira Ta Ɓoye

Ga ta nan, ga ta nanku, ta Salaga ce yau.
Ta zo, muna saurare.

Zuweira jikar fataken goro ce, tana shekara ta uku a jami'a a Tamale, ƙasar Gana. Wata rana aka kafa sanarwa cewa za a tura mutum ɗaya daga sashensu ya yi karatun shekara guda a waje. Cikin ƙasashe ukun da aka jera ta zaɓi Maroko, don ta ji suna ajiye da tsofaffin takardun fatauci. Sharaɗin shi ne kowa ya rubuta shafi biyar kan abin da zai je nema.

To, a gidansu ba a faɗin tafiya sai an ɗaure kaya. Kakarta Hajiya Sahada ta ja mata kunne: "Ko malaminki kada ya ji. Bakin mutane nake tsoro."

Zuweira ta bi maganar. Ta yi fasfo a ɓoye, ta rubuta labarin kakanta da jakunansa na goro. A makaranta mutum ɗaya ce ta sani, Faridatu 'yar Yendi, abokiyar ɗakinta, don a kwamfutarta aka buga. Shekara uku suna ci a kwano ɗaya.

"Bar min shi in gyara," in ji Faridatu. "Ku 'yan Salaga Turancinku ƙamshin doya yake yi."

Suka yi dariya. Zuweira ta je gida sati biyu, ta dawo ta miƙa takardarta ranar ƙarshe.

Ba a jima ba Malam Garuba, mutumin Bawku mai kula da shirin, ya kira ta ofis. Takardu biyu ne a gabansa, kalma ɗaya ba ta bambanta ba, kuma ta Faridatu ta riga shigowa da kwana tara.

"Malam, sunan kakana ne a ciki."

"Ita ma ta ce kakanta ne na wajen uwa. 'Yata, wa ya san kina rubutun nan? Kawo min ko mutum ɗaya."

Babu.

Ta tarar da Faridatu a ɗaki tana gwada rigar sanyi.

"Faridatu, har da kakana?"

"Ke kika ce kada kowa ya sani," in ji ta, tana kallon madubi. "Ai ban gaya wa kowa ba."

Faridatu ta tafi Maroko ta yi shekararta. Malam Garuba bai hukunta kowa ba. Zuweira ta gama karatu, tana koyarwa a Salaga, fasfonta na cikin akwati babu hatimi ko ɗaya. Hajiya Sahada kuwa har yau cewa take baki ne ya kama tafiyar.